Ƙafar da ta ƙi ɗagawa: yadda likitoci ke bin sawun raunin jijiya a jikin matasan 'yan wasa

Ranar 1 ga Janairun 2016, a wani filin wasa da ke jihar Arizona ta Amurka, wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna Jaylon Smith ya fito buga wa Jami'ar Notre Dame ƙwallon Amurkawa, irin wadda ake sa kwalkwali a yi ta karo da juna. Masu bin harkar sun riga sun gama lissafi cewa yana cikin 'yan ƙalilan da manyan ƙungiyoyi za su yi rububin ɗauka tun da farko a waccan shekara. Wasa bai yi nisa ba wani abokin karawa ya ingiza shi, ya dira a kan ƙafar hagu, gwiwar ta lanƙwashe ta inda ba ta saba ba. Biyu daga cikin igiyoyin da ke ɗaure gaɓar suka tsinke nan take.

Tsinkewar igiyar gwiwa ba baƙon abu ba ne a duniyar wasanni. Likitoci sun san yadda ake gyara ta, ɗan wasa kuma kan koma fili cikin wata tara zuwa shekara guda. Abin da ya tayar wa ƙungiyoyi hankali yana can ƙasa da gwiwar: Smith ya kasa ɗaga kan ƙafarsa. In ya miƙe ƙafa sai tafin ya rataya, yatsu na kallon ƙasa, ya yi iya ƙoƙarinsa su ƙi tasowa. Jijiyar da ke kai wa tsokokin ƙwauri umarni ce ta jawu lokacin da gwiwar ta goce. Da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa, ƙungiya bayan ƙungiya suka yi ta tsallake sunansa, sai a zaɓi na 34 Dallas Cowboys ta ɗauke shi, kuma likitan wannan ƙungiyar ne dama ya yi masa aikin gwiwar.

Jijiyar da ta kusa raba Smith da sana'arsa tana nan a wuri guda a jikin kowa: a ƙafar yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin makarantar firamare a Zariya, da ɗan kokawar Maraɗi, da ɗan damben da ke kai shuri, da yarinyar da ke gudun mita 400 a gasar makarantu. Bambancin kawai shi ne abin da ke biyo baya. A can, an san sunan matsalar cikin kwanaki. A nan, sau da yawa sai a ce targaɗe ne, a ja ƙafar, a gasa ta da ruwan zafi, a ɗaure, a ce wa yaro ya daure ya riƙa takawa. Kafin wani ya lura cewa ƙafar ba ta ɗagawa, an ci wata uku.

Tsoka ba ta motsi don ra'ayin kanta. Umarni take jira daga ƙwaƙwalwa, umarnin kuma yana gangarowa ta laka, wadda ke kwance a cikin ƙashin baya, ya fita ta wasu ƙananan ƙofofi tsakanin ƙasusuwan gadon baya, ya bi jijiyoyin saƙo har ƙarshen yatsu. Waɗannan jijiyoyi ba jini suke ɗauka ba. Umarnin motsi suke kaiwa, su dawo da labarin zafi da sanyi da taɓi. Lamarin kamar wutar gida ne. In ƙwai ya ƙi kamawa, laifin na iya zama na ƙwan kansa, ko na wayar cikin bango, ko na turken ƙofar gida, ko can wajen taransifoma. Duhun iri ɗaya ne, wurin gyara ne daban, kuma duk gwajin da likita zai yi wa mai raunin ƙafa neman wannan wurin yake yi.

Manyan jijiyoyin ƙafa ba su da yawa. Ta gaban cinya, wadda likitoci ke kira femoral, ita ke miƙe gwiwa. In ta samu matsala sai gwiwa ta riƙa zubewa da mutum, musamman wajen sauka daga bene. Ta baya kuwa, sayatik, ita ce mafi girma a jikin ɗan Adam, kaurinta ya kai babban yatsan hannu. Tana ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya, dab da bayan gwiwa ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya miƙe ƙasa cikin sha-raɓa, shi ke sa mutum ya iya ɗage a kan yatsu. Ɗayan, mai suna feroniyal, ya karkata waje ya zagaya wuyan siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri, shi ke ɗaga kan ƙafa da yatsu sama.

Wannan reshe na biyu shi ne ya fi kowace jijiyar ƙafa shan wahala, kuma kowa na iya laluba shi a jikinsa. Mutum ya zauna ya lanƙwasa gwiwa, ya sa yatsa a gefenta ta waje, ya ɗan gangaro: zai ji wani ɗan tudun ƙashi. Ƙasa da tudun kaɗan, ta wajen baya, akwai wani zare mai kauri da ke birgima ƙarƙashin yatsa, in an matsa shi sai a ji zir har kan ƙafa. A wannan wurin babu tsokar da ta rufe jijiyar. Fata ce, sai ita, sai ƙashi. Shi ya sa haƙorin takalmin ƙwallo ke iya samunta, haka ɗaurin da ya matse, ko doguwar tsugunno, ko harɗe ƙafa na sa'o'i. Har ramar gaggawa na jawo ta, domin ɗan kitsen da ke kare ta yakan narke idan ɗan wasa ya matsa wa kansa sai ya rage nauyi cikin 'yan makonni. Idan kuwa gwiwa ta goce gaba ɗaya, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na samun raunin wannan jijiya.

Alamun farko kan bayyana ne a gida tun kafin asibiti. Silifas ɗin ƙafa ɗaya ya riƙa zamewa yana barin yaro a hanya. Ya riƙa tuntuɓe a tsakar gida inda babu ko tsakuwa. In yana tafiya a kan siminti ana jin ƙafar tana faɗuwa fat, fat, domin tsokar da ke sauke tafin a hankali ta daina aiki. Daga baya sai ya koyi dabarar ɗaga gwiwa sama sosai don kada yatsu su ja ƙasa, mutane su ce ya canza tafiya. Bayan ƙafar da gefen ƙwauri kuma su sage, ya taɓa ya ji kamar ba jikinsa ba.

Abin da ke yaudarar iyaye da koci shi ne, sau da yawa babu wani ciwo na a zo a gani. Mutanenmu da zafi suke auna girman rauni: wanda ke ihu shi ake garzayawa da shi, wanda ya ce ƙafar dai ba ta jin magana sai a ce lalaci ne ko tsoro. A harkar jijiya lissafin a juye yake.

A ɗakin likita

Likitan da ya san aikinsa ba ya farawa da na'ura. Tun yaro na shigowa yake kallon tafiyarsa, ya duba kan takalminsa ko ya cinye ta gaba. Sai tambayoyi, waɗanda wani lokaci majinyaci ke ganin ba su da haɗi da ƙafa. Ƙafar ta mutu ne nan take a fili, ko sai bayan an ɗaure ta? An yi allura a ɗuwawu a kwanakin nan? An yi zazzaɓi ko gudawa makonni biyu da suka wuce? Akwai ciwon baya da ke harbawa har ƙafa in an yi tari? Fitsari na fita yadda ya saba? Kowace amsa tana rufe wata hanya ta buɗe wata.

"Taka da dunduniya zuwa bakin ƙofa," in ji likita. "To, dawo a kan yatsu." Wanda jijiyar gefen gwiwarsa ta samu rauni zai dawo a kan yatsu lafiya lau, amma tafiya da dunduniya ta gagare shi. Sai a kwantar da shi, likita ya ɗora hannu a bayan ƙafar. "Ɗaga sama, kar ka bari in danne." Haka za a bi motsi ɗaya bayan ɗaya, babban yatsa, idon sawu, gwiwa, ƙugu, ana gwada ƙafar da ke ciwo da mai lafiya. Kowace tsoka ana ba ta maki daga 0 zuwa 5, ma'aunin da likitocin Birtaniya suka daidaita lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don sojojin da harsashi ya lalata wa jijiya. Sifili na nufin ko motsi babu, 3 na nufin gaɓar na ɗaguwa amma ba ta jure dannawa, 5 cikakken ƙarfi. Amfanin makin ba na ranar kaɗai ba ne. Bayan mako shida za a sake gwadawa, kuma tashi daga 0 zuwa 1 labari ne babba.

Kafin nan dole likita ya raba rauni na gaske da wanda zafi ya haddasa. Gwiwar da ta kumbura takan sa tsokar gaban cinya ta yi sanyi har ta rame cikin makonni, alhali jijiyarta garau take. Haka nan matashi mai shekara 12 zuwa 15, musamman mai jiki, da ke ɗingishi yana kukan gwiwa, wani lokaci matsalar tana ƙugu ne, inda kan ƙashin cinya ke zamewa daga mahaɗar girmansa. In ba a ɗauki hoton ƙugun ba, sai a yi ta jinyar gwiwar da ba ta da laifi.

Gwajin da ya fi ban sha'awa shi ne mafi sauƙi. Likita zai ce wa majinyaci ya karkata tafin ƙafarsa ciki, kamar mai son duba ko ya taka ƙaya. Tsokar da ke wannan aiki ba daga jijiyar gefen gwiwa take karɓar umarni ba, daga ɗaya reshen take karɓa, amma dukansu saiwarsu ɗaya a gadon baya, wadda ake kira L5. Saboda haka idan ƙafa ba ta ɗaguwa amma tana karkata ciki da ƙarfinta, galibi matsalar na gefen gwiwa. In ɗagawa da karkatawa duk sun yi rauni, kuma buɗe ƙafa gefe daga ƙugu shi ma ya yi sanyi, sai hankali ya koma baya. Gwajin bai wuce daƙiƙa goma ba, amma shi ke nuna ko gwiwa za a ɗauka hoto ko gadon baya.

Michael Porter Jr., ɗan wasan ƙwallon kwando, misali ne na wannan hanya ta biyu. Yana ɗan shekara 19 a Jami'ar Missouri, a watan Nuwamban 2017, aka yi masa aikin wani faifai da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya, wanda ya fito ya danne jijiya. An sake yi masa aiki a 2018, aka yi na uku a ƙarshen 2021. Shi ma ya samu faɗuwar kan ƙafa kamar Smith, alhali gwiwarsa ba abin da ya same ta. Da abin tallafi ɗaure a ƙafarsa ta hagu yake buga ƙwallon kwando, kuma da shi ya ci kofin gasar NBA tare da Denver Nuggets a 2023.

Sai 'yar gudumar roba. Ana buga ta ƙasa da ƙoƙon gwiwa da kan agara a ga ko ƙafa za ta zabura. In zaburar ta ɓace, an san wace saiwa ko jijiya ce ta yi shiru. In kuwa ta yi yawa, ƙafa ta sandare, kuma da aka ja mabuɗi a tafin ƙafa babban yatsa ya tashi sama maimakon ya duƙa, to ba a ƙafa matsalar take ba. Laka ce ko ƙwaƙwalwa. A ƙasashenmu likita ba ya mantawa da tarin fuka na ƙashin baya a irin wannan hali, musamman in akwai rama, da gumin dare, da ɗan ƙusumbi da ya fara fitowa. Daga ƙarshe a ɗauko auduga da tsinke a bi fata, ana tambaya nan fa, nan fa, wani likitan har ya zana iyakar wurin da ya sage da biro, domin kowace jijiya da yankin fatarta.

Abin da ba ya kwana

Yawancin raunin jijiya na ba da lokaci. Wasu kuwa sa'o'i ake ƙirgawa.

Gwiwar da ta goce takan koma mazauninta da kanta tun kafin a fitar da ɗan wasa daga fili, sai a ɗauka abin ya zo da sauƙi. Amma babbar jijiyar jinin ƙafa tana manne da bayan gwiwa, kuma gocewar na iya yaga ta. Ƙafar da ta yi sanyi, ta canza launi, ba a jin bugun jini a bayanta ko bayan idon sawu, tana da kamar awa shida zuwa takwas kafin zancen ya koma na yankewa.

Na biyu shi ne kumburin da ya rasa wurin fita. Tsokokin ƙwauri suna zaune ne a ɗakuna huɗu, kowanne da bango mai tauri da ba ya buɗewa. Bayan karaya ko duka mai ƙarfi, jini da ruwa kan taru a ciki har matsin ya shaƙe tsoka da jijiya. Alamarsa ciwo ne da ya wuce girman raunin, wanda ba ya jin magani, yana ƙaruwa in an lanƙwasa yatsu, sai kuma sagewa a fatar da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Bugun jini na iya kasancewa yana nan, kuma wannan na ruɗar mutane. Maganinsa tiyata ce ta gaggawa, a tsaga bangon a saki matsin. A nan ne ɗaurin da ya matse ke ɓarna. Masu ɗori suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, kuma an yarda da su tun kaka da kakanni; amma karan ɗorin da aka ɗaure tamau a kan ƙafar da ke ci gaba da kumbura yana ƙara bango a kan bango. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubutu a kan gaɓoɓin yara da suka ruɓe ta wannan hanya. Filastar asibiti ma in ta matse haka take yi, shi ya sa ake cewa a dawo nan take in yatsu sun kumbura ko sun daina ji.

Na uku daga baya yake tasowa: ciwon baya tare da raunin ƙafafu biyu, da sagewar tsakanin cinyoyi da wurin zama, da fitsarin da ya ƙi fita ko yake zuba ba a sani ba. Kunya kan hana matashi faɗin wannan, don haka sai an tambaye shi kai tsaye, an kuma fitar da abokansa daga ɗakin.

Ba kullum wasan ne mai laifi ba

Yaro mai buga ƙwallo kullum ba ya rasa faɗuwar da za a ɗora wa laifi, kuma wannan kan rufe ido daga ainihin sababi. Allurar ɗuwawu na sahun gaba. Ɗan wasa ya yi zazzaɓi ko ciwon jiki, a kai shi kemis a yi masa allura a tsakiyar ɗuwawu ko ƙasa-ƙasa, daidai inda jijiyar sayatik ke wucewa. Wasu na jin abu kamar shokin ya harba har ƙafa tun allurar na ciki. Zaruruwan da ke zuwa gefen gwiwa su suka fi fuskantar waje a cikin wannan babbar jijiya, saboda haka sakamakon faɗuwar kan ƙafa ne, a yi ta neman dalili a gwiwa. Wurin da ya dace da allura shi ne kusurwar sama ta waje, jarirai kuwa a gefen cinya ake yi musu. Asibitocin koyarwa a Najeriya sun wallafa rahotanni da dama kan yaran da wannan ya nakasa, kuma abu ne da bai kamata a ce har yau ana ganinsa ba.

Akwai kuma ciwon Guillain-Barré, inda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa jijiyoyi, galibi bayan gudawa ko mura. Yana farawa daga ƙafafu biyu lokaci guda ya riƙa hawa sama cikin kwanaki, zaburar gwiwa ta ɓace, kuma in ya kai tsokokin numfashi sai da na'ura. Markus Babbel, ɗan wasan baya na Jamus da ya ci wa Liverpool ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin UEFA a 2001, ya kamu da shi a ƙarshen wannan shekarar, ya yi zaman keken guragu, ya rasa kusan kakar wasa guda. Matashin da ya ce yau ƙafafunsa sun fi jiya nauyi, gobe kuma ya kasa tashi daga tabarma, kwantar da shi ake yi a asibiti, ba a ce ya je ya huta ba.

Shan inna ma ba a gama da ita ba. A jihar Borno aka ga na ƙarshen waɗanda nau'in ƙwayarta na asali ya kama a Najeriya, a 2016, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da wannan nau'in. Sai dai wani nau'in na ci gaba da yawo a wuraren da rigakafi bai wadata ba. Ƙa'idar hukumomin lafiya ita ce duk yaron da bai kai shekara 15 ba, da ƙafarsa ta saki farat ɗaya ta yi laushi, a kai rahotonsa, a ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14, da tazarar aƙalla awa 24 tsakani. Ko da an ce a filin ƙwallo abin ya faro, ƙa'idar ba ta canzawa.

Kuturta na son jijiyar gefen gwiwa ƙwarai, tana kumbura ta har a ji ta da kauri a hannu, don haka likita kan duba fata ko akwai tabon da ba ya jin taɓi. Akwai kuma ciwon jijiya na gado da ake kira Charcot-Marie-Tooth, mai kama kusan mutum 1 cikin 2,500, wanda kan fara nuna kansa a shekarun samartaka: tsakiyar tafin ƙafa ya yi rami sosai, yatsu su tanƙware, ƙwauri ya sirance, yaro ya riƙa targaɗe a kai a kai. In aka duba ƙafar uba ko uwa, sau da yawa a ga irinta.

Lantarki da hoto, da lissafin kwanaki

Bayan hannu ya gama nasa, na'ura ke tabbatarwa. A gwajin gudun saƙo, ana manna 'yan faifai a fata, a ba jijiya ɗan shokin a wurare daban-daban, a auna saurin isar saƙon da ƙarfinsa. Inda saƙon ya rage gudu ko ya tsaya, nan ne wurin. A gwajin EMG kuwa, siririyar allura ake sokawa cikin tsoka a saurari lantarkinta. Tsoka mai lafiya shiru take yi in tana hutawa. Wadda ta rabu da jijiyarta tana wani ƙyas-ƙyas da kanta, ana jinsa a lasifikar na'urar.

Mutane kan yi fushi in an ce su dawo bayan mako uku kafin a yi wannan gwaji, su ɗauka wulaƙanci ne. Dalilin tsoho ne. Tun 1850 wani masani ɗan Ingila, Augustus Waller, ya nuna a jikin kwaɗi cewa idan an yanke jijiya, ɓangaren da ya rabu da tushe ba ya mutuwa nan take, a hankali yake ruɓewa. A kwanakin farko yana iya amsa shokin kamar lafiyayye, tsoka kuma sai bayan mako biyu zuwa uku take fara wancan ƙyas-ƙyas ɗin. Gwajin wuri na iya cewa lafiya alhali ba lafiya ba. Na'urar ba kowane asibiti ke da ita ba, shi ya sa yake da kyau a nemi takardar turawa zuwa babban asibitin koyarwa ko na ƙashi, irin na Dala da ke Kano, tun makon farko, a yi amfani da kwanakin jiran wajen neman layi.

Hoton ƙashi yana nuna karaya, ba ya nuna jijiya. Sikanin na nuna ta a gefen gwiwa, ko ta kumbura, ko ta yanke, ko wani ƙullutu ya danne ta. MRI na nuna gwiwa da gadon baya dalla-dalla, amma yana da tarkonsa: mutane da yawa da ba abin da ke damunsu, in an ɗauki hoton bayansu za a ga faifan da ya ɗan fito. Hoton da bai dace da abin da hannu ya gano ba, ba a yanka mutum a kansa.

Duk wannan bincike tambaya ɗaya yake son amsawa: yaya girman ɓarnar? Likitan Birtaniya Herbert Seddon ya kasa raunin jijiya gida uku a farkon shekarun 1940, kuma har yau da rabonsa ake aiki. A mafi sauƙi, rigar jijiyar ce kawai ta ƙuje, zaren ciki na nan. Saƙo ya tsaya na ɗan lokaci, ƙarfi ya dawo cikin kwanaki zuwa wata uku. A na tsakiya, zaren ciki ya tsinke amma bututun da yake bi yana nan, don haka zai sake tsirowa ya bi tsohuwar hanyarsa. A na uku komai ya rabu, kuma babu addu'ar jira ko allurar bitamin da za ta maye gurbin ɗinki.

Jijiya na tsirowa ne kimanin milimita ɗaya a rana, wato kusan inci guda a wata. Daga gefen gwiwa zuwa tsokar da ke ɗaga ƙafa tafiyar 'yan watanni ce. Daga ɗuwawu kuwa, inda allura ke samunta, nisan ya kai santimita 40, wato sama da shekara. Ita kuma tsoka ba ta jira har abada: bayan wata 12 zuwa 18 ba tare da umarni ba, mahaɗarta da jijiya kan lalace, ko jijiyar ta iso ba za ta samu mai karɓarta ba. Likita na bin tafiyar da yatsa. Yana ƙwanƙwasa kan hanyar jijiyar, inda majinyaci ya ji zir nan kan sabon tsiron ya kai, dabarar da Bafaranshe Jules Tinel ya bayyana a 1915 daga jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. In wurin zir ɗin na matsawa ƙasa wata bayan wata, ana kan hanya. In ya kafe wuri ɗaya, kuma wata uku zuwa shida sun wuce ba motsi a hannu ko a na'ura, sai a yi maganar buɗewa. Yankan wuƙa ko kwalba ba ya cikin wannan jira, a kwanakin farko ake ɗinke shi.

Bayan gocewar gwiwa, waɗanda ƙafarsu ke da sauran ɗan motsi mafi yawansu na warkewa. Waɗanda ta mutu musu gaba ɗaya, ƙasa da rabi ne ke samun ƙarfi mai amfani. Jijiyar Jaylon Smith jawuwa ta yi, ba ta rabu ba. Bai buga ko wasa ɗaya ba a 2016, ya dawo a 2017 da abin tallafi a ƙafa, kuma a kakar 2019 aka zaɓe shi cikin gwanayen gasar.

Watannin jira su ma aiki ne. Ana sa wa ƙafa abin tallafi na roba mai riƙe tafin a miƙe, ma'aikacin gashin ƙashi kuma ya koya wa majinyaci yadda zai riƙa lanƙwasa idon sawu da hannu kullum, domin agarar da aka bari ta ɗaure ba za ta bar ƙafa ta ɗagu ba ko jijiya ta warke. A daina harɗe ƙafa, a kuma yi hattara da gashin ruwan zafi: fatar da ba ta ji tana ƙonewa har ta sale mai ita bai sani ba, gyambon kuma ya ɗauki watanni. Ɗan wasa ba ya komawa fili don ciwo ya tafi. Sai ƙarfin ƙafar ya kusa na 'yar'uwarta, yana tsalle a kanta ita kaɗai, yana juyawa da gudu ba ta turguɗe ba.

In jijiyar ta rabu da tazara, ana ɗebo wata siririya daga bayan sha-raɓa, wadda aikinta jin taɓi ne kawai a gefen ƙafa, a yi gada da ita; gadar da ta wuce santimita shida sakamakonta kan ragu sosai. Wanda kuma ya zo a makare ba a sallamarsa hannu rabbana. Waccan tsokar da ke karkata tafin ƙafa ciki, wadda raunin bai taɓa ba, ana iya ciro ƙarshen agararta a zagayo da shi gaba a dasa a bayan ƙafa, aikin da aka daɗe ana yi wa masu kuturta. Yawancin waɗanda aka yi wa kan ajiye abin tallafi su yi tafiya ba tuntuɓe, wasu har su yi sassarfa, ko da yake gudun gasa ba kasafai yake dawowa yadda yake ba. Bayan aikin ƙafar kan yi kamar mako shida a filasta, sannan a shafe watanni ana horo har ƙwaƙwalwa ta saba cewa tsokar da ta sani da karkata ƙafa ciki, yanzu ɗaga ta sama take yi.